Da na ciro waya sai yaran su yi tsit, ga uwar mijina ta ce na sa wa jikanta baki

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma ina ƙaro karatun digiri a fannin Hausa. Malamin da ke duba kundina ya ba ni batu a kan yadda yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu suke koyon magana, ya ce in naɗo muryarsu. Gidanmu babban gida ne, sai na zaɓi yara uku, 'ya'yan faccalolina. In ba na riƙe da komai surutunsu har ya ishi mutum, amma da na zaunar da su a tabarma na ciro waya sai su yi tsit. Babban cikinsu in na matsa masa sai ya ɗauko min karatun allo. Na ce wa uwar ƙaramin ta ja shi da hira, ta ce in rufa mata asiri, ɗan farinta ne. Ana cikin haka yaron ya kwanta zazzaɓi, uwar mijinmu ta ce ni na sa masa baki da yawan yabon wayonsa, kuma wai an ce mata sayar da muryoyin zan yi. Yanzu ta hana, maigidana kuma ya ce ba zai ja da mahaifiyarsa ba. Wata ƙawata ta ce in ɓoye wayar a cikin hijabi, ko in zauna in rubuta irin maganar da na san yara suna yi, wa zai gane? Saura wata uku in miƙa aiki. Anti, ina mafita?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne. In zazzaɓin bai sauka ba a kai shi asibiti a gwada jininsa, kuma ki kasance cikin masu rakiya.

Shawarar ƙawarki duka biyun ki ajiye su. Ɓoye waya a hijabi leƙen asiri ne, kuma Alƙur'ani ya hana shi ƙarara a Suratul Hujurati. Wayar ba muryar yaro kaɗai za ta ɗauka ba. Za ta ɗauki facalarki tana kuka da mijinta, ta ɗauki zancen bashi, ta ɗauki abin da aka faɗa don an yarda da ke. Ranar da aka gane, abin da Inna, wato uwar mijinki, take zargi ya tabbata ke nan, kuma gidan aurenki ne, ba inda za ki. Ƙirƙiro maganar yara kuwa ramin ƙarya ne, ƙurarre. Babba in ya kwaikwayi yaro, abin da yake zato yake rubutawa: ya mai da kowace "r" ta zama "l", ya gajarce jimla, shi ke nan. Yaro na gaske sai ya faɗi kalma daidai da safe ya karya ta da yamma, ya iya mai wuya ya kasa mai sauƙi. Wannan tangal-tangal ɗin shi ake nema, kuma duk malamin da ya taɓa sauraron yara zai ga babu shi a takardarki. Ga wani dalilin da ya fi damuna. A 2022 masu bincike biyu, Evan Kidd da Rowena Garcia, sun duba manyan mujallu huɗu na nazarin harshen yara, abin da suka buga cikin shekara 45, suka tarar harsuna 103 kawai aka taɓo daga cikin kimanin 7,000 da ke duniya, kuma Ingilishi da 'yan'uwansa na Turai ne suka cinye yawanci. Ke nan ɗan abin da za ki rubuta a kan yaran ƙasar Ringim wani zai iya ɗauka ya kafa hujja da shi. Ba na son ya ɗauki ƙarya.

Yanzu Inna. Ni ban ga laifinta sosai ba. Ta ga surukarta tana bin jikanta da waya, tana faɗin "kai, yaron nan akwai wayo" a gaban mutane, ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, sai ga yaro a kwance. A gidan da aka san zafin rashin yaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kin fara aikin daga tabarmar yara, alhali daga ɗakinta ya kamata a fara. Ki bar zancen naɗi gaba ɗaya har yaron ya miƙe. Sannan ki sa maigidanki ya yi miki iso, ba don ya ja da ita ba, don ya zauna a wurin kawai. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki gaya mata aikin makaranta ne, ba kuɗi a ciki, ba za a sa a rediyo ko Facebook ba, ba za a rubuta sunan yaro ko na gida ba. Ki kunna mata abin da kika riga kika naɗa ta ji da kunnenta, ki nuna mata yadda ake gogewa, ki ce duk wanda ba ta so a goge a gabanta. In akwai takarda daga makarantarku, a kai wa mai unguwa ko liman ya karanta, maganarsu ta fi taki nauyi a wurinta. Daga yau kuma yabon yaro ya zo da tubarkalla, ko ki bar shi a cikinki.

Sai ki roƙe ta abu guda: ta zama malamarki a aikin. Kakar da ta yi renon 'ya'ya da jikoki ta fi ki jin gwarancinsu, kuma za ki ga amfanin haka nan gaba kaɗan. Iyayen yaran ma kowace ki nemi yardarta ita kaɗai, ba a gaban Inna ba, don mace tana iya cewa to saboda kunya alhali ranta bai so. Ba sai an sa hannu a takarda ba in ba su saba ba, ki naɗi yardar da bakinsu. In kuma bayan duk wannan Inna ta ce a'a, to a'a ɗin ce. Ki koma gidanku na haihuwa ko gidan wata abokiyar aikinki, ki fara ta ƙofar da ta dace.

Shirun yaran kuwa tsohon ciwo ne a wannan fanni. William Labov, masanin harshe ɗan Amurka, shi ya fito da zancen fili: muna son jin yadda mutane suke magana in ba a kallonsu, amma ba mu da hanyar ji sai mun kalle su. A aikin da shi da abokan aikinsa suka yi a unguwar Harlem da ke New York cikin shekarun 1960, an yi hira da wani yaro ɗan shekara takwas, ba a samu komai ba sai "e" da "a'a" da dogon shiru, duk da mai tambayar ɗan unguwar ne. Da aka sake zama, mai tambayar ya sauko ya zauna a ƙasa, aka kawo soyayyen dankali, aka kira babban abokin yaron. Sai ga yaron nan yana rige-rigen magana da abokinsa. Yaron bai canza ba, zaman ne ya canza. Naki yaran ma sun karanta zaman daidai. A wurinmu in babba ya zaunar da yaro ya tsare shi da ido yana tambaya, ko laifi ya yi ko hadda ake karɓa. Ga shi ke malama ce. Wanda ya ɗauko miki karatun allo ya ba ki abin da ya ga ana bai wa malamai ne.

Facalarki da ɗan farinta ma kada ki ƙara matsa mata. Tsarin a zaunar da uwa da ɗa su yi hira a gaban na'ura daga gidajen Turawa 'yan boko aka ɗauko shi, inda uwa take wuni da yaro ɗaya tana yi masa zance. Tun 1984 Elinor Ochs da ta yi aiki a tsibiran Samowa na tekun Pasifik da Bambi Schieffelin da ta zauna da mutanen Kaluli a Papuwa Niyu Gini suka nuna ba haka duniya take duka ba: akwai al'ummun da manya ba sa hira da jariri irin wannan, kuma yaransu suna tashi da harshe lafiya lau. A 2020 Marisa Casillas da abokan aikinta sun fitar da sakamakon naɗin wuni guda-guda da suka yi a wani ƙauyen masu jin harshen Tseltal a kudancin Meziko, inda aka ɗaura wa yara 'yar na'ura a ƙirji. Maganar da ake yi wa yaro kai tsaye 'yan mintoci ce a cikin awa, amma fara furta kalma da fara haɗa kalmomi ba su makara ba. Ki dubi tsakar gidanku da wannan idon. Wa yake yi wa ɗan shekara biyu magana? Yayarsa 'yar shekara bakwai da take saɓe da shi a kwankwaso. Kakarsa da take tsokanarsa tana ce masa mijinta. Yaran maƙwabta da ake wasan 'yar tsana da tuwon ƙasa da su. Mai aikensa: "ungo kai wa Baba", "je ka ce ina gaishe ta". A nan Hausarsa take, kuma kunyar ɗan fari kanta abin rubutawa ce a kundinki, don tana cikin abin da ke tsara wanda yaro yake ji.

To ga yadda za ki yi. Ki sa tela ya ɗinka 'yar riga mai aljihu a ƙirji, ko ki sami ƙaramar jaka mai igiya. In yaron ya ƙi sawa, yayarsa ta rataya tunda tare suke wuni. Kwanakin farko a sa rigar da wayar a kashe, har abin ya daina zama baƙo. Ranar naɗi ki sanar da matan gida cewa an kunna, ki faɗi lokacin da za a kashe, sannan ki janye gefe da tsintar shinkafarki ko saƙarki, littafi a cinya, kina rubuta abin da ake yi da wanda yake wurin. Wannan rubutun ba a wasa da shi. In kika ji "ba ni" a faifai bayan mako biyu, ba za ki san ko ludayi yake nema ko goyo ba. Ki guji lokacin daka da surfe da sa'ar da injin niƙa yake aiki, ki guji fili in iska tana kaɗawa. Hantsi bayan an karya, da bayan la'asar, sun fi. Minti talatin zuwa awa ɗaya ga kowane yaro a mako ya isa, kuma in ya fizge rigar ko ya fara rigima a kashe, shi ma yana da ta cewa. Wayar ki sa ta a yanayin jirgi don kira kada ya katse, in manhajar naɗin tana da zaɓin WAV, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, ki ɗauke shi. Sannan ki kula da shagon caji. Kada ki bar waya a buɗe a wurin masu tura waƙa da fim, ki sa mata makulli ko ki zare katin, don alkawarin da kika yi wa Inna a nan ya fi saurin karyewa.

Naɗi shi ne mai sauƙi. Rubutawa ce take cin rai, awa ɗaya ta faifai tana iya cinye miki awa goma ko fiye, shi ya sa ban ce ki naɗi wuni guda ba. Katherine Demuth ta zauna a wani ƙauyen tsaunukan ƙasar Lesoto da ke kudancin Afirka daga 1980 zuwa 1982, ta naɗi yara huɗu masu koyon Sesotho kusan awa ɗari, kuma da taimakon iyayen yaran da kakanninsu ta rubuta. Ke ma haka za ki yi. A ranar, ko washegari, ki zauna da Inna ko yayar yaron ku saurara tare. Kowace magana layi uku: abin da ya fito daga bakinsa sak, abin da masu renonsa suka ce yana nufi, sai halin da ake ciki. In ya ce "luwa" ki rubuta "luwa", a ƙasa ki sa "ruwa", a ƙasa kuma "yana miƙa hannu wajen randa". Hannun malamar firamare ya saba gyara, to a nan ki riƙe shi. Inda ba wanda ya gane, ki sa alamar ba a ji ba, kada ki cike da zato. Kalmomin reno irin su "mammam" da "bobo" da "tutu" ki nuna wa ya fara faɗa, yaron ko babba.

Akwai abin da rubutun bokonmu yake ɓoyewa, kuma a aikinki ba zai ɓoyu ba: karin sauti da tsawon wasali. "Ya tafi" na wanda ya riga ya tafi da "ya tafi" na umarni harafinsu ɗaya, bambancin yana cikin tsawo da karin "ya". In yaro ya faɗa, wanne ya faɗa? In ba ki sa alama ba, kin zubar da rabin abin da kika naɗo. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo. Ki zaɓi hanyar sa alama guda ɗaya, ki bayyana ta a farkon kundi, ki tsaya a kanta. Manhajar Praat, da aka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana zana hawa da saukar murya a allo, ELAN kuma tana haɗa rubutu da daidai wurinsa a faifai. Duka kyauta ne, amma sai da kwamfuta. In babu, kunne da littafi da maimaita saurare sun yi wa masu bincike na zamanin da aiki.

Kada kuma ki auna yaro da Hausar littafi. Ki auna shi da Hausar gidansu. In ya ce "tahi" kuma kakarsa ma haka take cewa, ya koya daidai ke nan. In ya ce "dokuna" maimakon "dawaki", ki fara sauraron manya, don akwai masu faɗin haka. Amma in kika ji "saniyoyi" a gidan da kowa yake cewa "shanu", ki ja layi a ƙarƙashi, kin sami abin nema: yaron ya gano ƙa'idar jam'i da kansa, ya kai ta inda ba ta zuwa. A Jigawa kuma dole ki tambaya ko ana jin Fulatanci ko Barbarci a gidan ko wajen dangin uwa, ki rubuta.

Wannan zancen jam'i shi nake ganin ya kamata ki kai wa malaminki. "Yadda yara suke koyon magana" ya fi ƙarfin wata uku, ya fi ƙarfin digiri ɗaya ma. Roger Brown na Jami'ar Harvard yara uku kacal ya bi daga 1962, waɗanda ya laƙaba wa Adam da Eve da Sarah, kuma sai 1973 babban littafinsa ya fito. Ki gaya wa malamin gaskiyar abin da ya faru a gida, ki nemi a taƙaita batun zuwa abu ɗaya: jam'in suna, ko jinsi, wato yaushe yaro yake raba "ya" da "ta", ko baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, da "ts" da "r". Tunda ba ki da lokacin bin yaro ɗaya ya girma, yaranki uku masu shekaru daban-daban za su ba ki hoto, muddin kin faɗa a kundin cewa uku ne, ba ki ce haka duk yaran Hausawa suke ba.

In jam'i kika ɗauka, ga gwajin da za ki iya yi da babban, tunda ya kusa huɗu. A 1958 Jean Berko ta zana wata halitta ta ba ta sunan ƙirƙira, "wug", ta nuna wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai guda biyu ta bar su su faɗi jam'in. Wanda ya faɗa daidai ba hadda ya yi ba, don bai taɓa jin kalmar ba. Ke ki bar zane, yaran da ba su saba da littafin hoto ba yana ɗauke musu hankali. Ki murza wani abu da yumɓu, ki ba shi sunan da babu a Hausa, a sa shi cikin wasa, yayarsu ta ce "wannan zulgi ne", ta kawo wasu ta ce "to waɗannan fa?" Sai dai ki fara gwada manya biyar ko shida, don jam'in Hausa hanyoyinsa da yawa, su ma za su saɓa wa juna, kuma da amsarsu za ki auna ta yaron.

Littafin aljihu ma kada ki raina shi. Da shi fannin ya fara: Charles Darwin ya buga abin da ya rubuta a kan ɗansa a 1877, Clara da William Stern a Jamus suka shafe shekaru suna rubuta maganar 'ya'yansu uku. Na'ura ɗan yanki take kamawa na abin da yaro yake faɗa a mako, kalmar da ba a cika faɗa ba sai ta wuce ta. Ke kuwa a gidan kike kwana. Duk abin da kika ji, ki rubuta nan take da kwanan wata, kada ki bari sai dare.

Shekarun yaran ki nemo su da wata, ba da shekara kawai ba, don tsakanin ɗan shekara biyu cif da mai biyu da rabi akwai tafiya mai nisa. Ana rubuta 2;6, wato shekara biyu da wata shida. Ki duba katin rigakafi ko na awo. In babu, ki bi ta azumi da Sallah da damina da ranar suna, ki nuna a kundin cewa ƙiyasi ne. In kuma a cikin sauraren kika lura wani yaro ya haura biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, kada ki yanke hukunci, kada kuma ki faɗa a tsakar gida. Ki sami uwarsa ita kaɗai ki ba ta shawarar a duba kunnensa a asibiti, akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Lissafin wata ukun: mako biyu na jinya da gyara tsakaninki da Inna da sabo da riga, mako shida na naɗi kina rubutawa a tafe, sauran na nazari da haɗa kundi. In yardar gida ta ja lokaci, ki nemi ƙarin wa'adi a makaranta tun yanzu, a rubuce, kada ki jira sai saura mako guda. Ki rubuto min bayan kun zauna da Inna in ji yadda kuka yi, ki gaishe min da mai jiki.